Sarkin Haske da Bahon Bula

Duk Talata Mafara babu wanda ya san haske kamar Malam Jafaru, in ka cire rana. Ita ma yakan ce tana wuce gona da iri. Ya taɓa bin masu motar majigi zuwa Bakura yana riƙe musu wayar lantarki, tun daga nan ya zama Sarkin Haske. Tabarau yake sawa ko a cikin ɗaki, wai kada idon sana'a ya lalace.

Lokacin da ake gina madatsar Bakolori, wata makaranta ta samu aron na'urar ɗaukar fim. Ɗalibai suka tafi ƙasar Maradun da ita. Wata ɗaliba, Rukayya, ta kai su ƙauyen kakarta mai suna Baturiya, wanda aka ce ruwa zai cinye. Suka ɗauki rumbuna, da tsamiyar bakin masallaci, da tsohuwar tana sheƙe gero. Malam Jafaru ya bi su don ba da shawara, ya kuma taimaka ƙwarai, don kusan duk inda na'ura ta juya sai ta same shi tsaye cikin farar babbar riga.

Kafin fim ya dawo daga Kaduna, inda aka kai shi wanki, ruwa ya riga ya rufe ƙauyen. Abin da ya rage na garin duk duniya shi ne wannan zaren fim guda.

Da aka gwada shi, wasu wurare sun yi duhu, gulbi ya fito ja kamar kunun kanwa. Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar musibar ita ce rigar Malam ta fito tas, fuskarsa kuwa ta zama kamar gindin tukunya.

Rukayya ta ce, “Malam, a bar shi haka. Ana gane kowa.”

Ya ce, “Ke ɗiyata, mi kika sani? Fim ɗin Turawa kin taɓa ganin jan ruwa? Wanga aiki ilimi ne. Abin da ka sa riga haske, shi ka sa hoto haske. Ku kawo mani baho da bula.”

Malaman makaranta suka kawo masa, don ba a musu da mutumin da ya riƙe waya a Bakura. Ya jiƙa zaren. Da ya ga bai gamsu ba, ya aika marina aka ƙaro shuni. Ya shanya a igiya kusa da wandonsa.

Ranar nuni aka toshe tagogin aji da barguna. Baturiya ta zo a bayan a-kori-kura, ita da tsofaffin garinsu, kowa da kayan sallarsa, za su ga gida. Malam ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda Kaduna ta ɓata aiki, Mafara ta gyara.

Aka kunna. Bango ya yi shuɗi daga sama har ƙasa. Can wani abu mai kama da tsamiya ya yi motsi ya nutse. Sai farar riga ta ratsa, ba kai.

“Kun ga launi!” in ji Malam.

Rukayya ta rufe fuska. Baturiya ta daɗe tana kallo, sannan ta laluba sandarta ta miƙe.

Ta ce, “Sannu da aiki, Malam. Su waɗancan sai da suka kawo injuna suka yi shekara da shekaru suna haƙa kafin su nutsar muna da gari. Kai da baho guda ka gama.”

Malam Jafaru ya gyara tabarau, ya ce ai baiwa ce daga Allah.