Faifan da Muryar Inna Take Ciki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kashe muryar mahaifiyata da hannuna ba, ina ganin ceto ta nake yi.

Bayan rasuwar Inna, ƙanwata Hauwa ta tuna cewa bidiyon bikinta yana cikin tsohuwar kwamfutar mijinta da ta daina tashi. A ciki Inna take yi mata nasiha tana dariya, kuma ba mu da muryarta a ko'ina sai nan. Aka rasa wa za a aika Birnin Kudu wurin mai gyara sai ni, wai na fi kowa kiyaye amana (ni da nake komawa sau uku in duba ko na kulle ƙofa).

Daga garinmu Kwandiko na taho rungume da kwamfutar kamar jariri. Mai gyara, Malam Habu, ya zaro faifan ajiyar cikinta, ya haɗa shi da tasa kwamfutar da 'yar waya.

"Faifan nan numfashinsa na ƙarshe yake yi," in ji shi. "Sau ɗaya zai yarda a kwashe. Kai tsaye yake zuba kayan cikin ƙwaƙwalwar na'ura, ba ya jiran kowa. Ko allon ya yi duhu, aiki na tafiya."

Na ce to. Firamare kawai na yi, kuma kunya ta hana ni cewa ban gane ba. Ya fita cin abinci.

Allon ya yi duhu. Faifan yana ƙas-ƙas, na taɓa na ji ɗumi. Sai ga fanka ta fara juyawa, an kawo wuta! A gidanmu kuwa, tun da wuta ta ƙona mana rediyo, da an kawo ta kowa sai ya ruga ya zare abin da ke jone. Zuciyata ta ce, "Inna za ta ƙone kana zaune." Na fizge wayar, na sa faifan cikin hulata, har da fifita.

Malam Habu ya shigo, na miƙa masa ina murmushi. "Saura ƙiris ya ƙone, Allah ya sa ina kusa."

Ya dubi hular, ya dube ni. "Bawan Allah, kwamfutar da batir take aiki ai. Waye ya aike ka?"

Ya sake jonawa har sau biyar. Faifan ko motsi. Abin da ya samu tsallakawa bai wuce farkon bikin ba: tukwane, 'yan kallo, da bayan Inna tana wucewa da tabarma. Ba ta juyo ba, ba ta ce komai ba.

A gida na tarar Hauwa ta tara mata a tsakar gida. Na faɗi gaskiya kaina a ƙasa. Ta kalli guntun bidiyon da Malam Habu ya zuba mini a wayata sau biyu, ta share ido.

"Yaya, ko mayafin nata na gane. Ya isa."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Har yau ina duba ƙofa sau uku. Amma idan an ce mini abu yana aiki, nakan zauna a kan hannuwana.