Jajen Saniyar Kawu

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a na zo Ƙaura hutu daga Ingila, inda nake digiri na biyu kan halayyar ɗan Adam. Ji nake ba zuciyar da za ta gagare ni.

Saniyar kawuna ta mutu a Dauran, muka je jaje da babana. Maimakon in durƙusa in ce Allah ya mayar da alheri, sai na jawo kujera, na tsare dattijo da ido yadda aka koya mana. Na ce, "Kawu, me kake ji a ranka?"

Sai ya juya ga babana. "Alhaji, a nemo ma yaron ga rubutu."

Har yau ko kaza ta mutu a gidanmu, sai a ce a kira Likita, wato ni.