Nomau da Ɗan Akwatin Bayani

A garinmu Kanyar Maje, in ka bi hanyar fadama, gidan ƙarshe kafin lambunan albasa shi ne na Malam Shekarau. Mutum huɗu ne a ciki: shi mai gidan, da matarsa Lantana, da 'yarsu Hansatu, sai ƙaninsa Nomau. Nomau ya haura arba'in, ƙato ne, ga ƙarfi ga ladabi, ba ya ƙarya ba ya gardama. Aibinsa ɗaya ne, yadda ka faɗi magana haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a gindin tsamiya ka manta, to gobe a can za ka tarar da shi. Mutanen gari wawa suke ce masa. Ni dai katanga ɗaya ta raba ni da su, kuma na sha ganin masu wayon da ba su kama ƙafarsa ba wajen amana.

Hansatu ta yi karatun kwamfuta a birni ta dawo gida. Ƙungiyar manoman albasa ta ba ta gwaji, ta gina musu shafin intanet wanda manomi zai buɗe a wayarsa ya ga yadda ake haɗa maganin feshi da lokacin zuba taki. Sarkin Noma Barau ya ce za su duba aikin ranar taronsu. In aikin ya yi musu, ta zauna ta riƙa kula da shi. In bai yi ba, ubanta ya riga ya yanke cewa birni za ta koma, ta kama aiki a shagon wani abokinsa. Ita ba ta son tafiyar. Nomau ya fi ta rashin so, don duk gidan ita kaɗai ke zama ta saurare shi har ya kai ƙarshen magana.

Shafin ya tsayu, sai abu ɗaya da ya hana ta sakat. Kusa da sunan kowane magani akwai 'yar alamar tambaya, in ka taɓa ta sai ɗan akwati ya ɓullo da bayani a ciki, murfi nawa za a zuba a ruwa nawa. Ba ita take lissafa inda akwatin zai tsaya ba. Akwai tarin umarnin kwamfuta da wasu gwanaye suka riga suka rubuta suka bar wa kowa, masu sana'ar suna ce masa laburare. Kai dai ka gaya masa ƙa'idojin da kake so, shi ya nemo wa akwatin mazauni. Tsara ƙa'idojin ne ya zama jidali, yau akwatin ya rufe rubutu, gobe ya leƙa gefe rabinsa ya yanke.

Wata rana tana son ta gwada yadda za ta yi wa dattawa bayani, sai ta kira Nomau ta rataya masa kwali a wuya.

"Baffa, ka zama akwatin. Duk abin da aka nuna da yatsa, ka tsaya kusa da shi ka faɗi gaskiyarsa a taƙaice."

"Ko mene ne?"

"Ko mene ne."

Ta nuna turmi, ya je ya tsaya ya ce turmi ne, ana daka. Ta nuna randa, ya ce randa ce, ruwan jiya ne a ciki. Ta yi dariya ta ce ya iya, ta koma kan kwamfutarta, ta manta ba ta ce an tashi daga wasan ba. Washegari kasuwa ta ci. A kara, wajen masu dabbobi, wani baƙo ya nuna ragon wani mai suna Ɗan'azumi yana taya shi, sai ga Nomau da kwalinsa a gefen ragon. Ya ce rago ne, jiya rabin haka yake, kanwa aka ba shi ya ɗura ruwa. Baƙon ya yi godiya ya wuce gaba. Ɗan'azumi ya biyo Nomau da sanda har zaure, sai da Malam Shekarau ya yi ta ba da haƙuri. Hansatu ta ce masa kada ya ƙara yi a kasuwa. Ya ce to, kuma bai ƙara ba, amma kasuwa kaɗai ta ambata.

Wata rana tana rubuta sabuwar ƙa'ida tana karantawa a fili, kamar yadda ta saba: akwati ya fara neman sama da abin da aka taɓa, in babu wuri a sama ya juya ƙasa. Nomau yana bakin ƙofa yana tsinke albasa, kunnensa na gare ta. Can sai Lantana ta nuna wa wata maƙwabciya rumbu tana cika baki da amfanin bana. Kafin ta sauke hannu Nomau ya haye. Jinkar ta tsufa, ta rufta da shi, sai murya aka ji daga ciki tana cewa rumbu ne, gero ya kusa ƙarewa. Lantana ta so ƙasa ta tsage ta shige. Da aka zaro shi, ya karkaɗe ƙaiƙayi ya gaya wa Hansatu cewa yanzu ya gane, ba ko'ina ke da wuri a sama ba.

Da yamma ya nuna ya gane ɗin. Sarkin Noma yana zaune a wurin mai shayi, ya nuna bencin da suke kai yana tambayar wane kafinta ya yi shi. Nomau ya duba ya ga mutane sun cika saman, sai ya rarrafa ya shige ƙarƙashi. Daga tsakanin ƙafafunsa Sarkin Noma ya ji an ce benci ne, ƙafa ɗaya ta tsage. Ya zabura, shayin ya bi gaban farar rigarsa. Da aka gaya masa dalili, ya ce in haka akwatin yarinyar yake ɓullowa, Allah ya raba su da shi. Maganar ta iso gida kafin Nomau, kuma ranar Hansatu ba ta iya cin tuwo ba.

Wata rana Nomau ya ji Hansatu tana cewa in mutum ya ja shafi sama ko ƙasa, dole akwati ya bi abin da yake wa bayani, kada ya tsaya a baya. A bakin titi wata tsohuwa ta nuna motar albasa tana tambayar ta wa ce. Nomau ya hau kan buhuna ya faɗi sunan mai motar. Direba bai san da shi ba, ya ja mota. Sauka ba ta cikin ƙa'ida, don haka Nomau ya zauna daram. Sai washegari ya dawo, rabin hanya a ƙasa, ana jin warin albasarsa tun daga makaranta. Hansatu ta tare shi da kuka, shi kuwa murna yake, wai bai tsaya a baya ba.

Wata rana Malam Shekarau ya hau soro zai gyara indararo. Ya ce wa Nomau ya riƙe tsani, kada ya kuskura ya sake shi. A safiyar nan kuwa Nomau ya ji ƙa'idar ƙarshe, wato da zarar an ɗauke yatsa, akwati ya ɓace. Malam ya gama hawa, ya nuna kwanon kwaɓaɓɓiyar ƙasa don a miƙo masa. Nomau ya jawo tsanin kusa da kwanon ya ce ƙasa ce, ta yi ruwa-ruwa. Malam ya sauke hannu zai yi faɗa, ya duba ƙasa, babu Nomau babu tsani. An ce ya ɓace, an kuma ce kada ya saki, sai ya saɓa abinsa a kafaɗa ya nufi fadama. Rana ta gasa Malam a kan soro sai da na jiyo kiransa na kawo nawa tsanin. Ya sauko bai zagi kowa ba, ya dai ce wa Hansatu ta fara haɗa kayanta, wannan aikin ya isa haka.

Da Nomau ya dawo, ta cire masa kwalin da hannunta.

"Baffa, na sauke ka. Daga yau ba kai ne akwatin ba."

"Ban iya ba ne?"

Ta ce ya iya har ya wuce. Ya koma kan albasarsa, amma ni da na san shi na ga abin ya yi masa ciwo.

Wata rana, ana gobe taron ƙungiya, Hansatu ta zauna ta zuba tagumi. A wayarta komai lafiya lau, akwatin yana hawa yana sauka yadda ta tsara. Duk da haka zuciyarta ta ƙi natsuwa, har ta ce a fili da za ta samu ta gwada shi a kowace waya ta garin nan, da hankalinta ya kwanta. Nomau ya ajiye wuƙarsa ya fita. Garinmu wuta sai ta ga dama, saboda haka wayoyin mutane a rumfar Ɗantala mai caji suke wuni. Nomau ya isa daidai kiran la'asar. Ɗantala ya ji daɗin ganinsa, ya ce ya kula masa da wayoyin nan har ya dawo daga masallaci, kada ya raba idonsa da su. Nomau ya zare su ɗaya bayan ɗaya, ya jera a kwando, ya rungume a ƙirji yana tafe yana kallonsu har gida.

Ana sallame salla gari ya ɗauka. Kafin ka ce kwabo zauren Malam Shekarau ya cika, Sarkin Noma a gaba, Ɗantala a baya yana rantsuwa. Kwando na gaban Hansatu, Nomau na tsugune ya kafa masa ido. Ta fara ba da haƙuri. Sarkin Noma ya ɗauki wayarsa ya ce tunda an tara su, ba sai an kai gobe ba, a buɗe masa shafin a nan a yi ta ta ƙare. Kowa ya san abin da yake nufi.

Ta buɗe masa. Ya taɓa alamar tambaya, bai ga komai ba. Ya sake taɓawa, shiru. Malam Shekarau ya sunkuyar da kai. Hansatu ta karɓi wayar, sai ta ga saman gilashin ya mutu ya yi baƙi, wai tun da wayar ta faɗo masa daga kan babur. Akwatin yana fitowa, amma a cikin baƙin yake tsayawa, don laburaren ya ga akwai wuri a sama, bai san gilashin ya makance ba. Ta roƙi wani manomi, Malam Jatau, ya buɗe tasa. Shi saboda ciwon ido ya ƙara wa rubutu girma, akwatin ya kumbura ya rufe sunan maganin. Na uku kuwa wayar ƙarama ce, babban yatsansa na manomi ya danne bayanin duka. Ta dubi kwandon, ta ga da wuya a sami waya biyu masu lafiya irin tata. Da a wurin taro aka yi wannan, da ba ta da bakin magana.

Ta nemi alfarma su ba ta zuwa magariba. Ko don tausayi ko don son ganin ƙwaƙwaf, suka zazzauna. Ta ɗauko kwamfuta ta ɗora a cinya, mai waya ya buɗe tasa, ta duba, ta gyara, a sake buɗewa. Ta sa akwatin ya riƙa rage faɗinsa daidai da gilashi, ya ɗan ja nesa da yatsa, in kuma an taɓa alamar karo na biyu ya koma ɗaya gefen. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ita dai Allah ya ba ta jajibiri. Da aka dawo kan Sarkin Noma, ya taɓa sau biyu, akwatin ya sauko ƙasa inda gilashi ke da rai. Ya karanta a hankali, ya sake karantawa, sannan ya ce ashe shekara da shekaru ninkin maganin yake zubawa. Ya waiwayi Malam Shekarau ya ce abokin birni ya nemi wata, wannan tasu ce.

Mutane suka watse kowa da wayarsa, wasu ko rabin caji ba su samu ba, amma ba wanda ya tsaya ƙorafi sai Ɗantala. Nomau bai fahimci yawancin abin da ya faru ba. Ya jira har zauren ya yi fili, sannan ya matso kusa da ita.

"Hansatu, tafiyar fa?"

"Babu tafiya, Baffa. Ina nan, ba inda zan motsa."

Ya dube ta, idanunsa suka kawo ruwa, ya goge da bayan hannu. Ya ce to ta zauna abinta, tunda ba za ta motsa ba, bari ya shiga ya kawo mata tuwonta nan.