Bishiyar Kwando Na Bakwai

"Lafiya lau na kwana, sai da na fito na ga fuskarka."

Abin da mahaifiyata Hilkka ta mayar wa jikanta Otso ke nan a ƙofar lambun garinmu, tun bai rufe baki daga gaisuwa ba. Shi kuwa ya duƙa ya leƙa fuskarta, ya kira ta yadda muke kiran kaka a nan, ya ce, "Mummo, ashe kina nan da ranki? Ni har na gaya wa abokaina gidanki ya kusa zama nawa."

"Gidan da ko murhunsa ba ka iya hurawa ba? Sanyi zai yi ajalinka tun kafin Kirsimeti."

Haka suke tun yana rarrafe, kuma na daɗe da daina shiga tsakaninsu. Ni ce autarta, shi ɗan yayana ne. A ranar, aikina kawai shi ne riƙon fulas ɗin gahawa da ƙunshin burodin pulla, sai kuma ciyar da sauron bazara da jinina, wanda a nan Finland ba ya jiran a ce masa bismillah.

Abin da ya fito da mu ba wasa ba ne, ko da yake wasa ne. Ƙungiyar masu wasan jefa faifan roba cikin kwando ta garinmu ta ɗora wa Otso ya zagaya filin da ke cikin lambun, ya buga kowane kwando, ya faɗi abin da za a gyara a aikin gayya na ranar Asabar. Suka ba shi gwangwanin jan fenti. Bishiyar da ya yi wa gicciye, injin yanka ne makomarta. Wadda kuwa ya zana wa kibiya ta zama doka: dole faifai ya bi ta gefen da kibiyar ta nuna, kuma babu mai taɓa ko reshenta. Kowa a gari ya san inda gicciyen farko zai sauka. Akwai wata bishiyar koivu, doguwa mai farin ɓawo, tsaye ƙiƙam a tsakiyar hanyar kwando na bakwai, kuma samari sun gaji da ita. Marigayi mahaifina Tauno yana cikin waɗanda suka share filin nan da hannunsu, shi ya hana a sare ta tun farko. Da labarin fentin ya kai kunnen Mama, sai ta ɗaura ɗankwali, ta zura takalmin roba, ta ce yau za ta raka jikanta aiki.

Kwandunan farko sun wuce lami lafiya, in ka cire baki. Otso ya ce shimfiɗar wurin jifa na biyu tana santsi, a canza ta. Mama ta ce ƙafafunsa ne suka yi masa yawa. A na uku, fili ne fetal, ya jefa sau biyu faifai ya faɗa cikin sarƙoƙin kwandon, ya yi hamma ya wuce. A na biyar ya ce bencin ya ruɓe, ta zauna a kai da ƙarfi ta ce bencin ya fi shi ƙwari, kuma ya fi shi amfani ga jama'a.

Muna isa na bakwai ya ajiye jaka, ya zaro gwangwanin ya fara girgiza shi.

"Ajiye abin nan," in ji Mama.

"Mummo, bishiyar nan muguwa ce. Mutum ya yi jifa mai kyau ta tare masa. Kakana da kansa kullum sai ya zage ta."

"Ni ma kullum sai na zage ka. Ka ga an zo da inji an yanka ka?"

"Saura kaɗan dai. Bakinki ya fi inji."

"Kai ne ba ka iya jifa ba, mai hannu kamar dafaffiyar taliya. Ko ni sai in riga ka shiga kwandon can."

Otso ya yi dariya har da riƙe gwiwa. Mama ba ta taɓa jefa faifai ba tun da take. Cewa take yi wasan ƙattin da suka ƙi girma ne. Ya ce ya yarda: in ta shiga kwando da jifan da bai kai nasa yawa ba, fenti ya koma jaka. In ya ci ta, zai yi gicciyensa tana kallo. Na ce mata, Mama, kafaɗarki fa. Ko kallona ba ta yi ba. Ta sa hannu cikin rigar sanyinta ta fito da wani tsohon faifai ruwan ɗorawa, gefensa duk a cinye. Ban buƙaci a juya shi ba, na san sunan Baba da lambar wayar gidanmu suna rubuce a ƙarƙashinsa, yadda kowa yake rubuta nasa.

Otso ya fara. Ya ja baya, ya taho da gudu, ya saki faifai da duk ƙarfinsa. Tak! Bishiya ta karɓa, ta mayar masa da shi kusan rabin hanya.

"Sannu da aiki," in ji Mama. "Ta ce tana gaishe ka."

Nata jifan kuwa, da ƙyar ya wuce inuwarta. To dokar wasan ita ce wanda faifansa ya fi nisa da kwando shi ke sake jefawa, don haka Otso ya harɗe hannu ya tsaya, ita kuma ta yi ta jifa tana bi, tana jifa tana bi. Ɗaya ya faɗa cikin ciyawa mai ƙaiƙayi. Ya ce bari ya ɗauko mata, ta ce ya tsaya inda yake kada ƙaiƙayi ya taɓa fatar jariri. Ta kutsa da kanta, ta jefa daga ciki, ta fito hannunta ya yi jawur. Shi ya shiga da jifa huɗu. Ita na daina ƙirgawa don kunya.

Ya ɗauko gwangwani. Ta ce, "Sake."

"Sake me? Ai kin faɗi."

"Mun yi da kai sau nawa za a buga?"

Ya juyo gare ni neman shaida. Na ce ni gahawa aka ba ni riƙo, ba shari'a ba. Gaskiya dai ba a faɗi sau nawa ba.

"Mummo, wannan zamba ce."

"Kai ƙara wurin 'yan sanda. Ka ce tsohuwa ta hana ka fenti."

"Za mu kwana a nan fa."

"Bazara ce, rana ba ta da niyyar faɗuwa. Ni ma haka."

Suka koma wurin jifa. A zagaye na biyu ya gwada ta hagu, faifai ya nufi kududdufi, da ƙyar ya tsira. Ta ce agwagi sun gode da ziyara. Ya ce gara shi, nata faifan ko tururuwa ba ya firgitawa. A na uku ya sake cin karo da bishiyar, ya faɗi wata kalma da ba zan maimaita ba, ta ce ko a nan dai ya gaji kakansa. Duk zagayen shi ke ci, kuma duk zagayen tana ɗaukar faifanta ta juya ta nufi wurin jifa ba tare da ta tambayi kowa ba. Raina ya fara ɓaci da su biyun. Ina ganin yadda take riƙe kafaɗa in ta ɗauka ba mai kallo, ina ganin numfashinta ya fara sama-sama, shi kuma gogan ya ƙi sassauta mata ko jifa ɗaya. Daga baya na gane da ya sassauta da ta jefe shi da takalmi.

Wasu samari uku suka iso bayanmu, muka matsa gefe muka ba su hanya yadda aka saba. Na farkonsu ya jefa. Tak! Abokansa suka fashe da dariya. Ni kuwa Mama nake kallo, don ƙarar tana tashi na ga kanta ya juya da kansa wajen gidanmu, can bayan itatuwa, inda tagar kicin take fuskantar lambu.

Da suka wuce Otso ya tsaya ya daɗe yana kallon hanyar. Tsakanin koivu da wata bishiya ta hannun dama akwai ɗan tsukin wuri da ba wanda yake bi. Ya canza riƙo, ya rage ƙarfi, ya saki faifan ta gefe. Muka bi shi da ido ya ratsa tsukin, ya lanƙwasa a bayan bishiyar, ya je ya kwanta a gindin kwando. Yaron nan ya daka tsalle ya kurma ihu, a gari irin namu da ko gobara ake faɗa a hankali.

"Ihun me kake yi?" in ji Mama.

"Ba ki ga jifan ba? Tun ina makaranta nake neman hanyar nan."

"Na gani. A kwando na uku, inda ko kara babu a gabanka, hamma na ji ka yi."

Ta riga ta gyara tsayuwa, ta ɗaga faifan Baba da ƙyar.

"Mummo, ya isa. Hannunki zai cire, a ce ni na kashe ki don gida."

"Ban ci ba tukuna."

"Ba za ki ci ba. Ko shekara za mu yi."

"To mu yi shekarar."

Ya matso ya riƙe gefen faifan, ita ma ta ƙi saki. Ya tambaye ta, wannan karon ba da tsokana ba, me bishiya ta yi mata da za ta karya kafaɗa a kanta.

Ta ce, "Kakanka kullum da safe sai ya buge ta. Ina kicin nake jin ƙarar. In na ji, na san ya kai na bakwai, sai in ɗora gahawa, yana shigowa tana tafasa." Ta gyara ɗankwali. "Har yau ina ji. Na san ba shi ba ne, ban haukace ba. Amma ina ɗorawa."

Ni da na girma a gidan nan ban taɓa sanin haka ba, kuma na ji zafin rashin sanin. Otso ya saki faifan. Ya je ya ɗauki gwangwanin, ya girgiza shi, ya nufi bishiyar. Mama ta miƙe wuya tana kallon bayansa. Ya ja layi ɗaya a kwance a kan farin ɓawon. Muka jira na biyun da zai gicciye shi. Sai ya yi wa layin ɗan kai mai tsini a ƙarshen dama, ya ja baya yana duba aikinsa.

"Ba don ke na yi ba," ya ce. "Kwandon nan shi ya fi kowanne a filin, abin da zan gaya wa ƙungiya ke nan. Ke kuwa kin faɗi sau huɗu, kowa sai ya ji."

"Kibiyarka ta karkace."

"Hannun gado ne."

"Ƙarya kake, kakanka ya iya ja layi. Jifa ne dai bai iya ba."

Otso ya miƙa hannu, ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta ɗora masa faifan ruwan ɗorawa. Ya koma wurin jifa, ya ja baya, ya taho da gudu ya saki.

Tak!

"Da gangan na yi," ya ce.

Dariya ta ƙwace wa Mama har sai da ta goge ido da bakin ɗankwali. Na fara kwance murfin fulas, ta karɓe daga hannuna ta ce wannan ba aikina ba ne. Ta zuba da hannun nan da ya gaji, rabi a kofi rabi a ciyawa, ta miƙa masa.

"Ungo, malalaci. Ka kai na bakwai."