Abin da Tabawa Ke Ji

A Funtuwa akwai wani gida da muryar mace ɗaya ke ciyar da shi, gidan Hajiya Tabawa mawaƙiya. Shekara da shekaru, bikin da ba ta yi waƙa ba bai amsa sunansa biki ba. A inuwarta Sallau mai fiyano ke ci, da Zulai babbar 'yar amshinta, da ƙanenta Cindo. Shi Cindo, Allah sarki, gemu har ya fara furfura amma hankali bai iso ba. Abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Da mawaƙa suka koma sa ɗan abin kunnen nan mai kawo wa mutum muryarsa da kiɗa yana tsaka da waƙa, Tabawa ta ɗauki injiniya. Ran da ya ce mata, "Hajiya, sautin da kike nema ya yi yawa," ran nan ta sallame shi, ta ɗora Cindo a kan na'urar haɗa sauti. Ta ce gara wawa mai jin magana. To, ta samu kuwa.

Wata rana ta aike shi kasuwa ya sayo mata sabon abin kunne. Mai shago ya ce, "Malam, kowanne da halinsa. Kunnen mai shi ke zaɓa, ka kawo kunnen." Cindo ya komo gida, ya tarar da ita cikin baƙi, ya cafki kunnenta ya ja. "Yaya, an ce in kai shi." Ta maka masa mafici a ka, ta zage shi tas, amma dai ta bi shi. A shago aka sa mata mai kaurin sauti, ta ce wannan kamar ana daka a ɗaki. Aka sa mata wanda bai ƙara komai ba bai rage ba, ta ce lami ne, ba gishiri. Sai aka ɗauko mai siririn sauti, mai kaifi, wanda mai shago ya ce kowa ya gwada sai ya yamutsa fuska. Tabawa ta lumshe ido. "Yawwa! Ga murya." Mai shago ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna ciniki yake, ya ja bakinsa.

Wata rana a wani biki ta ce masa, "Duk sanda ka ga na ɗaga hannu, ƙara min siririn." Ita kuwa Tabawa ba ta waƙa hannu a ƙasa. Ta ɗaga ta gaida uwar amarya, Cindo ya murɗa maɓalli. Ta ɗaga ta gyara ɗankwali, ya murɗa. Ta kori ƙuda, ya murɗa, har maɓallin ya ƙure. Sallau, da yake sautin da ke zuwa kunnenta shi ke zuwa nasa, ya fizge nasa abin kunnen yana salati, kiɗa ya watse. Tabawa ta yi masa kaca-kaca gaban jama'a. "Yau da na ji muryata tangaran, yau za ka kunyata ni?" Sallau ya dube ta, ya dubi ƙasa, ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya." Ya gane sarai jinta ne ke raguwa, amma tuwonsa ya fi masa kunnenta.

Wata rana kuma ta ce, "Cindo, cire min duk abin da ke danne min murya." Ya cire ganga daga kunnenta, ya cire fiyano, ya cire 'yan amshi, ya bar ta ita kaɗai da kanta. Kiɗa ya yi gabas, Tabawa ta yi yamma, tana ta zuba waƙa ido rufe. Mata suka fara ƙyafta wa juna ido. Zulai ta kama waƙar ta mayar da ita hanya, aka bi ta da guɗa. Wannan guɗar ta ci wa Tabawa rai, don ta san ba tata ba ce. Daga ranar masu biki suka fara tambaya ko Zulai za ta iya zuwa ita kaɗai.

Wata rana aka kira ta bikin wata tsohuwar ƙawarta, wanda kowa ya san in ta kauce a nan, shi ke nan an yi ban kwana da ita. Suna ɗaura lasifika da hantsi, baƙin ciki ya cika ta, ta ce, "Kowa na cewa na tsufa. Wallahi da za su ji abin da nake ji, da sun san daidai nake!"

"Yaya, kina so su ji?"

"Ina so mana, shashasha!"

Da ta kama waƙa, Cindo ya juya sautin da ke zuwa kunnenta kacokan ya zuba a lasifika. Wayyo! Wata ƙara ta fito kamar ana goga wuƙa a kan kwano. Jarirai suka ɓarke da kuka, tsofaffi suka miƙe. Tabawa ta cire abin kunnenta don ta ji me ya faru, sai ta ji muryarta daga lasifika, garau, mai daɗi, yadda take so. Ta duba tsakar gidan. Mata cike, kowace hannu biyu a kunne. In ka ƙi ji, ba ka ƙi gani ba.

Ta juya ga Sallau. "Tun yaushe?"

"An jima, Hajiya."

"Duk kun sani?"

Ba wanda ya amsa sai Cindo. "Ni ban sani ba, Yaya. Ba a ce in sani ba."

Ta miƙa wa Zulai makirufo ba tare da ta dube ta ba, ta ce, "Cindo, kashe." Ya kashe komai, wuri ya yi tsit. Amma ita ba ta samu shirun ba. Wani siririn kuka na nan a cikin kanta, kiiii, wanda ta daɗe tana binne shi da kiɗa.

"Rage min wannan ma," in ji ta.

Cindo ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, har ƙarshe, ya ɗago kai.

"Yaya, wannan ba shi da maɓalli."