Rasuwar Turken Jirgin Yashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kunya ta ƙara wa nauyi, Salmanu ɗan Malam Kailani na Tudun Wada yake sanar da rasuwar Turke, bututun ƙarfen da ake kafawa a ƙasan ruwa ya riƙe jirgin yashin mahaifinsa a kogin Galma. Ya rasu ranar Talata da hantsi, yana da shekara biyu.

An haifi marigayin a shagon Malam Ebenezer mai walda da ke Kwangila, tsawonsa ƙafa goma sha biyu. Mai haƙuri ne ƙwarai. In aka zura shi ta zoben da ke goshin jirgi, sai ya ce "tsulum," ya kama laka, jirgi ya tsaya cak har a gama lodi. Ko sau ɗaya bai taɓa sakin kowa ba.

Malam Ebenezer ya so ya yi masa hula ta dindindin don kada ya zurare ta zoben. Salmanu ne ya ƙi, wai gara wanda za a riƙa zarewa ana kaiwa gida. Sai aka huda samansa, aka sa ƙusa mai kauri, aka ce a ɗaure ta da sarƙa. Salmanu ya ce gobe. Goben nan har yau.

Ranar da abin ya faru ruwa ya ƙaru. Salmanu ya zare ƙusar don ya gyara ƙotar shebur, ya jefa ta aljihu, ya manta, ya saki Turke. Maganarsa ta ƙarshe ita ce "zuruf."

Ya bar jirgi ɗaya, da shebur uku, da zobe wanda yanzu ba kowa a cikinsa.

Akwai gyara kuma. Labarin da Salmanu ya kai gida, cewa sace shi aka yi, ba gaskiya ba ne. Maƙwabcinsu Suhaibu mai sayen tsofaffin ƙarafa, wanda Baba ya daina amsa gaisuwarsa kwana huɗu ke nan, bai san komai ba.

Ba a samu gawa ba, don haka babu zuwa maƙabarta. Za a yi zaman makoki Asabar bayan la'asar, a ƙofar shagon Suhaibu, in ya yarda. Salmanu zai zauna a ƙasa. Ana roƙon Baba ya zo, shi ma.