Rasuwar Dogo, Keken da Ya Faɗi a Bakin Jinga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu biyu da suka kumbura, ni Adamu mai kifi nake sanar da jama'ar Haɗejiya rasuwar kekena, Dogo.

Marigayin baƙi ne, ba shi da giya, ba shi da ado. Ranar da na je sayensa ban dubi fenti ba. Na ɗora masa buhun shinkafa, na hau, na zaga kasuwa, bai ce uffan ba, na ce na saya. Tun daga nan kullum shi ke kai ni kasuwar kifi kafin a sauke kifin da ake kawowa daga garin Guri, in zaɓi tarwaɗa masu rai. Bai taɓa shan fetur ba. Abincinsa iska, sai ɗan baƙin mai ranar Juma'a. In ya yi ciwo, kowane mai faci a garin nan ya san maganinsa. Maganarsa ba ta wuce biyu ba: ƙiiƙ-ƙiiƙ in ya ga hawa, ƙirrin-ƙirrin in ya ga akuya.

Ajalinsa ya zo da cikar kogi. Unguwa ta fita gayyar jinga, ana tare ruwa da buhunan ƙasa. Surukina Misbahu ya are shi, ya ce buhu ɗaya-ɗaya zai riƙa ɗauka. Shaidu sun tabbatar mini uku ya ɗora, kuma jiƙaƙƙu, sannan shi ma ya haye. Dogo ya ce ƙas, ya rabe biyu. Ruwa dai bai shigo unguwa ba. Misbahu kuma ko ƙwarzane, har yana cewa dama keken ya tsufa. Abdulwahid mai walda ya duba, ya girgiza kai, ya ce in yi haƙuri.

Marigayin ya bar ni, da famfon iska, da ƙararrawa, da kwandon kifi wanda yanzu a kaina nake ɗaukarsa. Tun rasuwarsa a ƙasa nake zuwa kasuwa, in tarar an kwashe na kirki an bar mini ƙananan karfasa. Matan da ke saye a wurina sun fara komawa wurin wani.

Ɗana Sunusi ya kawo shawarar wani keke ja mai giya da siraran tayoyi. Na ce ya je ya tambayo mai shi ko zai yarda a gwada da buhu. Har yau bai kawo amsa ba.

Za a kai gawar wurin 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe ranar Asabar bayan la'asar. Misbahu ne zai ɗauka, a ka. Ana karɓar gaisuwa a zaurena. Wanda zai zo a kan keke ya zo, buhun gwaji na nan a bakin ƙofa. Amma ya sa wa kekensa kwaɗo kafin ya shigo, don a halin da nake ciki ban amince da zuciyata ba.